Yadda ya kamata a auna mulkin Tandja Mamadou

A wata tattaunawa da malaman makaranta da ƴan kasuwa suka yi a Maraɗi kan marigayi Tandja Mamadou, wanda ya mulki Nijar daga 1999 zuwa 2010, shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a fara duba abin da ya isa ƙauyuka. Dattawa sun ambaci ajujuwa da ɗakunan shan magani na shirinsa na musamman, da kuma maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka soma a 2006. Sai dai sun ce a bincika ko an zuba ma'aikata da magunguna a cikinsu, domin gini kaɗai ba ya warkar da kowa.

An kuma ja hankali cewa a raba yabo bisa gaskiya: a zamaninsa aka aza harsashin matatar man Damagaram, amma sai a 2011 aka buɗe ta.

A ganina, wajibi ne a ɗora yunwar 2005 kan ma'auni, wadda ta addabi yankinmu alhali shi yana musanta ta, tare da Tazarcen 2009 da ya jawo juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010.