Wai ya aka yi talakawan Biyetnam suka kori Faransa?

Ɗan Angwan Rogo:
Salam jama'a, don Allah masana tarihi ku taimaka. Musu muke ta yi a majalisarmu nan Jos, wai manoman shinkafa ne suka ci Faransa da yaƙi alhali ita ke da jiragen sama da tankoki, ta yaya?

Malamin Gangare:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ho Chi Minh, jagoran masu fafutukar 'yancin Biyetnam, ya shelanta 'yanci a Hanoi ran 2 ga Satumba 1945, Faransa mai yi musu mulkin mallaka ta ce ba ta san zancen ba, yaƙi ya ɓarke a 1946. Inda aka yi ta ta ƙare shi ne Dien Bien Phu a 1954, Faransawa suka kafa sansani cikin kwari duwatsu kewaye da su kamar ka zauna ƙasan Shere Hills, a zatonsu ba mai iya hawa da manyan bindigogi, ai kuwa mutanen Janar Giap, kwamandan sojojin Ho Chi Minh, suka kwankwance su suka ja da igiya har sama, shinkafa kuma a kan kekuna ake turo ta cikin daji. Ran 7 ga Mayu sansanin ya faɗi. Giap ɗin nan fa malamin tarihi ne a makaranta.

Maman Hanif:
Malam a ƙara da cewa Sin ta ba su makamai. Ni abin da ke min ciwo wallahi, Faransa 'yan Afirka ta kwasa, 'yan Senegal da Maroko da Aljeriya, suka je suna mutuwa a yaƙin da ba nasu ba.

Ɗan Angwan Rogo:
Allah ya saka. To me ya kai Amurka can daga baya?

Malamin Gangare:
Taron Geneva ne ya raba ƙasar biyu, Arewa a hannun 'yan kwaminisanci su Ho Chi Minh, Amurka ta goyi bayan Kudu don tsoron kwaminisanci.