Maganin ciwon jiki yana hana ni sallar Asuba

Assalamu alaikum. Ina Agege, ina cikin matan da ke girkin zawiyarmu ranar Juma'a da lokacin Maulidi, ga wazifa, ga azumin Litinin da Alhamis. Tun bara jikina ke ciwo ko'ina, kafaɗu, ƙugu, cinyoyi, ko taɓa ni aka yi sai in ji kamar an danna ƙurji. Barci ba ya wartsakar da ni. Abin da ya fi damuna, in na tsaya kan tukunya ranar Juma'a, sai Asabar ko Lahadi jikin ke rushewa, ɗaga buta ma ya gagare ni, lissafin carbi ya riƙa ɓace mini.

Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, na sha rubutu, an yi mini ƙaho. Gwajin jini ya nuna komai lafiya. Daga baya likitan gaɓoɓi ya ce faiburomayaljiya ce, wato cutar da ke sa ciwon jiki ko'ina da yawan gajiya, ya rubuta mini maganin amitiriftilin in sha da dare. Ciwon ya ragu sosai, amma maganin na danne ni har rana ta fito, in farka baki a bushe, Asuba ta wuce. Da na bar shi, ciwon ya dawo. Hajiyar da ke shugabantarmu ta ce, "Ƙanwata, kasala ce, ki ƙara zikiri." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma ya sosa mini rai.

Don Allah, masu shan wannan magani, yaya kuka tsara lokacin shansa da likitanku har kuke samun Asuba a kan kari?