Bashi tsakanin 'yan'uwa a ikilisiya: a bi ko a yafe?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Kaka ta yi, kuma yanzu ne maganar bashi ke tashi a ikilisiyoyinmu na Katsina, musamman na karkara. An ba ɗan'uwa buhun masara a tsakiyar damina lokacin da rumbunsa ya ƙare, an yi da shi zai biya in an girbe, an girbe kuma shiru kake ji. Luka 6:35 ta ce a ba da rance ba da sa ran a samu komai ba, Zabura 37:21 kuwa ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. To wanne za a riƙe? In kuma bi za a yi, ta wace hanya ba tare da zumunci ya ɓaci ba?

Dattijon Malumfashi:
Ɗana, ayoyin ba sa karo, ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Ta Luka tana gyara zuciyar mai bayarwa ne, ta Zabura tana tsawata wa mai karɓa. Abin da za ka fara tantancewa shi ne: kasawa ya yi ko ƙi ya yi? Wanda tsutsa ta cinye masa masara, ko rashin tsaro ya hana shi zuwa gonarsa, wannan kasawa ce. A ɗaga masa zuwa kaka mai zuwa, ko a raba masa biyan, ko a yafe in da hali. Wanda kuwa ya kai buhuna kasuwar Bakori ya dawo da sabon babur, wannan ƙi ne, kuma yi masa shiru ba ƙauna ba ce.

Shi ake bi da tsarin Matiyu 18:15-17. Ka same shi ku biyu kaɗai, a gidansa, da yamma bayan an ci abinci. Ba a ƙofar coci bayan sujada ba, ba ta waya ba, kada kuma ka aika yaro ko ka bi ta wurin matarsa. Ka faɗi abin da aka ba shi da lokacin da aka yi da shi, ka bar shi ya yi magana, sannan ku sa rana takamaimai. "In Allah ya hore" ba rana ba ce. Ranar ta wuce bai zo ba, sai ka koma da mutum ɗaya ko biyu, zai fi kyau waɗanda suka ga an ba da bashin. A nan ne yawanci ake ɓata lamarin: sai a kwashi ƙanne ko abokai, shi kuma ya ga taron dangi aka yi masa, ya bushe. Ka ɗauki wanda shi ma yake jin nauyinsa. Sai wannan ya ci tura ake kai wa fasto da dattawa, a ɗakin shawara. Mai fara ba da labari a taron addu'a da sunan "a taya mu addu'a" ya tsallake matakai biyu, kuma gulma ce ya yi mata riga.

Maman Ladi, Kafur:
Baba ya gama magana a kan bi. Ni dai zan ce rabin rigimar tun ranar bayarwa ake shuka ta. Hatsi na tsada a watan Yuli da Agusta, ya karye a Oktoba da Nuwamba. In ba a faɗa ba tun farko, mai bayarwa zai ce kuɗin buhu na ranar da ya bayar yake bi, mai karɓa ya ce buhu ya ci buhu zai mayar, kuma kowa na ganin shi ke da gaskiya. A yanke tun a wurin: hatsi ne ko kuɗi. In hatsi ne a auna, kada a ce "buhu" kawai, don buhu suna ya tara. Babban buhu wajen tiya 40 yake ci, amma akwai mai tozo akwai shafaffe, kuma da kwanon da aka auna da shi za a mayar.

Wannan al'ada ta ba da ɗaya a karɓi biyu da kaka fa, Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana ta ƙarara a kan ɗan'uwa matalauci, bai tsaya kan kuɗin ruwa ba, har ƙari a kan abinci ya ambata. Mai bayarwa zai yi asarar bambancin farashi, gaskiya ne. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba gara ya ba da tiya 5 kyauta da ya ba da buhu yana ƙunci.

A kuma rubuta, da kwanan wata da shaidu biyu. Masu cewa rubutu rashin yarda ne su duba Filimon 19, Bulus da hannunsa ya rubuta cewa zai biya.

Malamin Lahadi, Funtua:
Ƙari kaɗan kan jingina. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa, don da shi gida ke ci. A yau keken ɗinki ne, ko injin ban ruwa, ko shanun huɗa. Ka ƙwace su, ka toshe hanyar da zai samu ya biya ka. Aya ta 10 da 11 kuma sun ce kada ka shiga gidansa ka ɗauka da kanka, a waje za ka tsaya ya fito maka da shi. Sai tsaya wa wani a kan bashi: Karin Magana 22:26-27 ta ja kunne cewa gadon da kake kwana a kai za a ɗauke. Kada ka tsaya wa mutum kan abin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Baba, in dattawa sun yanke ya sake yin biris fa? Kotu?

Dattijon Malumfashi:
1 Korintiyawa 6:7 ta ce gara a cuce ka da ka kai ɗan'uwa ƙara. A kan buhu ɗaya ko biyu, kuɗin mota da zirga-zirga ma sai su cinye shi. Dattawa na da abin yi: su sauke shi daga riƙon kuɗi ko wani muƙami, su raba masa biya, misali tiya 10 duk wata su riƙa karɓa da hannunsu. Amma in haƙƙin gwauruwa ne ko marayu, ko kuɗin adashen Zumuntar Mata, ba wanda ke da ikon yafewa a madadinsu. Wannan dattawa su bi shi har gida, su kuma sanar da babba a gidan mai cin bashin.