Sharri aka yi wa Salt ko tonon silili?

Ɗan Fagge: Jiya na kalli Salt, fim ɗin Angelina Jolie na 2010, wallahi raina ya ɓaci. Mace mai suna Salt ta bauta wa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, har ɗauri ta sha a Koriya ta Arewa, amma wani tsoho ɗan Rasha mai suna Orlov ya shigo ya yi mata sharri cewa 'yar leƙen asirin Rasha ce da za ta kashe shugaban Rasha, nan take kowa ya juya mata baya. Haka abokan aiki suke, ni ma an taɓa yi min a ofis.

Malam Sabo: Wane sharri? Ai Orlov gaskiya ya faɗa. Tun tana yarinya Rashawa suka horar da ita. Sharri shi ne a ɗora maka abin da ba ka yi ba. Wannan tonon silili ne.

Maman Iman: Haba Malam, ta kashe shugaban Rasha ne? Dafin gizo-gizo ta harba masa ya suma. An ce ta yi kisa, ba ta yi ba. Me ake kiran wannan?

Malam Sabo: Ita ta so a zaci ta kashe shi. Mutum yana yi wa kansa sharri ne?

Baffa Direba: A garinmu ƙazafi muke cewa.

Maman Iman: Ƙazafi kuma? Zina aka ce ta yi?

Baffa Direba: Hajiya, ba nan kaɗai ƙazafi ya tsaya ba, ki tambayi malamai.

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar ofis fa nake yi.

Auwalu: Ni Peabody ne ya burge ni, jami'in da ke farautarta, wanda Chiwetel Ejiofor, ɗan Najeriya, ya fito a matsayinsa.

Baffa Direba: A Landan aka haife shi.

Auwalu: Iyayensa fa? Inyamurai ne. Sai mutum ya yi suna ku bar wa Turawa.

Malam Sabo: Kun bar babbar magana. Winter, abokin aikinta, shi ne munafukin, Makka da Tehran ya saita da makamin nukiliya. Ko a fim, me ya kai su Makka?

Maman Iman: To wa ya hana shi? Ba ita ba? Don mace ce kawai ba kwa son yaba mata. Da Tom Cruise ne, yadda aka tsara da farko, da tuni kun ce jarumi.

Malam Sabo: Allah ya ba ki haƙuri, ni ban ambaci mata ba.

Auwalu: A taƙaice dai: kowa ya yarda sharri ne in ban da Malam, Baffa ya sha kaye, kuma Ejiofor namu ne.

Baffa Direba: Wa ya naɗa ka alƙali?