Gyaran manhaja kyauta: gayya ce ko bauta?

Baban Ilham: Jama'a, ku daina ingiza yara su yi wa manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa zai iya duba rubutunsu ya gyara, aiki kyauta. Yaro ya ƙona data, ya sayi man janareta, ya kwana yana gyara, kamfanonin Amurka su kwashe su tara biliyoyi. Bauta ce kawai.

Malama Zainab: Haba Yaya, bauta kuma? Wayar da ka rubuta wannan da ita Android ce, kuma a kan manhajar Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kai ma kana cin moriyar gumin wasu. Aikin gayya ne.

Baban Ilham: A gayya mai gona yana ciyar da mutane, Malama. Su waɗannan fa? Da matsalar tsaro ta Heartbleed ta ɓulla a 2014 aka gano OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai da aka samu matsalar a cikinta, wadda bankuna da manyan shafuka suka dogara da ita, gudummawar da take samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. A Disamba 2021 kuma aka gano wata babbar matsalar tsaro a manhajar Log4j. 'Yan sa-kai ne ke kula da ita a gidauniyar Apache, amma kamfanoni suka yi musu caa, a gyara yanzu-yanzu, kamar sun biya su albashi.

Injiniya: Nan ka yi gaskiya, ba musu. Amma ka haɗa abu biyu. Yawancin gyaran da ke shiga Linux yau ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat ne ke yi, da albashinsu. Waɗanda ake zalunta su ne masu riƙe da ƙananan manhajoji su kaɗai. Dubi xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli. Lasse Collin ya daɗe yana ɗauke da ita shi kaɗai har ya gaji, wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi ta kawo gyara na kusan shekara biyu har aka amince masa, sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a ciki. A Maris 2024 Andres Freund ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta manhajar ssh na jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu, asiri ya tonu. Da akwai mutum biyar masu duba aikin, da wuya hakan ta faru. Ƙarancin hannu ne matsalar, kai kuma kana cewa a janye.

Baban Ilham: To kamfanonin su ɗauki mutum biyar ɗin aiki mana! Me ya sa sai ɗan talaka?

Malama Zainab: Ɗan talakan ma ana biyansa idan ya san ƙofa. Shirin Google Summer of Code tun 2005 yake biyan masu farawa. Shirin horaswa na Outreachy yana ba da dala 7,000 na wata uku. Kuma mai neman aiki daga Kano ko Zinder, wa ya san shi? Gyaran da aka karɓa a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, ya fi takardar shaida magana.

Injiniya: Idan gyaran kirki ne. Ba irin na Hacktoberfest 2020 ba, shirin da ake ba masu kawo gyara kyauta, da mutane suka cika masu kula da manhajoji da sauya waƙafi don a ba su riga.

Auta: Ranku ya daɗe, ni da ban ƙware ba fa, ta ina zan fara?

Malama Zainab: Karanta ƙa'idojin aikin tukuna, ƙanena. Nemi matsalar da aka yi wa alamar masu farawa, ka yi tambaya kafin ka taɓa komai. In rubuta manhaja ya yi nauyi, Common Voice ta Mozilla, mai tara muryoyi don koya wa na'ura gane magana, tana karɓar muryoyin Hausa.

Baban Ilham: Auta, duba lasisin manhajar kafin komai. In lasisin MIT ne, kowa zai iya ɗauka ya rufe ya sayar. Lasisin GPL ne ke tilasta wa wanda ya rarraba gyaransa ya buɗe shi. Ni dai in ba GPL ba, ko layi ɗaya ba zan rubuta ba.

Injiniya: Au, ashe za ka rubuta.