Kunun shinkafa da gishiri ko ƙullin asibiti?

Maman Halifa: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya gudawa ta kama Halifa, sau 6 kafin asuba, kuma ba mu da ƙullin SRO a gida, wato garin gishiri da sukari na asibiti da ake haɗawa da ruwa don mai gudawa. Surukata ta dama masa kunun shinkafa tsararo, ta sa gishiri. Ta ce ai ya fi na asibiti ma. Da gaske ne?

Goggo ta Yagwa: Gaskiyar surukarki. Mu da muke zaune a tsakiyar shinkafa, da shi muka raini yaranmu. Ruwan asibitin nan yaro na kurɓa yana tofarwa, amma kunu da kansa yake miƙo baki.

Baban Ummi: Goggo, a yi haƙuri, ban yarda ba. A 2010 da kwalara ta shigo yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, abin da aka yi ta ɗura wa mutane SRO ne da ƙarin ruwa. Kunu abinci ne, kada a mayar da shi magani, rai ake magana.

Malam Nas, Marwa: Baban Ummi, maganar Goggo tana da tushe. A Dhaka ta Bangaladash likitoci sun gwada tun farkon shekarun 1980: suka cire sukarin da ke cikin haɗin, suka sa garin shinkafa. A masu kwalara, yawan gudawar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili kuwa, hanji ba ya jan gishiri da ruwa sosai sai da sukari a tare, shi kuma gari a hankali yake narkewa ya zama sukari, ba ya janyo ruwa cikin hanji kamar yadda zaƙi mai yawa yake yi. Sai dai a gudawar yara ta yau da kullum, ba a ga ya fi ƙullin da ake bayarwa yanzu ba, in dai yaro na cin abinci.

Goggo ta Yagwa: To ka gani. Likitoci ma sun biyo mu.

Malam Nas, Marwa: Goggo, da sauran magana, kuma nan ne hankalina yake tashi. Su da awo suka yi. Mu kuma da yatsa muke ɗiban gishiri. Na taɓa karɓar yarinya da aka cika wa gishiri, leɓe a bushe, tana fizge-fizge. Wanda kuma aka ba kunu salam babu gishiri, cikinsa ya cika amma jikinsa na ci gaba da bushewa. Awon shi ne ruwa lita 1, garin shinkafa ko gero ko masakwa cokalin shayi 8 a cike, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. A tafasa minti 5 zuwa 7. Uwa ta ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Hajiya ta Kuseri: Ku kula da gora ma. Babbar gorar ruwan sha na Tangui lita ɗaya da rabi ce, mata da yawa lita ɗaya suke ɗaukarta. Sannan da zafin nan namu, kunun safe kafin la'asar ya fara tsami, sai an sake damawa. Ƙulli kuwa in an haɗa yana kai awa 24.

Baban Ummi: Kun ga abin da nake gudu ke nan. Ga gawayi, ga awo, ga tsami. Kuma ina zinc, sinadarin da ake ba yara masu gudawa, a cikin kunu?

Malam Nas, Marwa: Babu shi, babu kuma sinadarin fotasiyam da ke cikin ƙulli, shi ya sa nake cewa a haɗa da ayaba. Amma Baba, ka tuna da matar ƙauye da damina, mayo, wato kogi, ya cika, babur ba ya wucewa. Ta zauna jiran ƙulli? Ta ɗora tukunya. Da hanya ta buɗe ta nemi SRO da zinc, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba, rabin ƙwaya, kuma shi ba a ba shi kunu, nono da SRO kawai.

Baban Ummi: In don tsallake dare ne, na yarda. Amma kalmar "ya fi" ɗin nan ban karɓa ba.

Maman Halifa: Malam, shekararsa ɗaya da wata 3. Yanzu babansa ya kawo ƙullin. In daina kunun?

Malam Nas, Marwa: A'a, ya ci gaba da sha a matsayin abinci, nono ma kada ki yanke. Bayan kowace gudawa ki ba shi SRO mililita 50 zuwa 100 da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Ki duba min yanzu: idonsa ya faɗa? Maɗiga ta lotsa? Akwai jini a kashin? Ko ɗaya kika gani, ko ya ƙi sha, ku taho asibiti ko dare ne.

Maman Halifa: Babu ko ɗaya. Ya yi fitsari ɗazu, ga shi nan yana jan mayafina zai sha nono.