Abin da makanisiye suka ce game da ɗaga mota

Jiya a fadarmu nan Tahoua hira ta kai ga shiga ƙarƙashin mota, na tattaro abin da masu garaji suka faɗa. Duk bakinsu ɗaya, kirik na ɗagawa ne kawai, mansa na iya zurarewa motar ta sauko maka a ƙirji, sai an sa shandel, wato ƙafafun ƙarfen da ake tokare mota da su, kuma don Allah a bar dogara da birikin siminti, fashewa yake ba sallama. Wajenmu yashi ne, a shimfiɗa katako mai kauri tukuna, a ja furen, a sa kale, wato abin tare mota kar ta gangara, bayan taya.

Masu pon, wato injin garaji mai ɗaga mota gaba ɗaya, suka ce a duba tan nawa aka rubuta jikinsa, a sauke motar kan makullin pon ɗin kafin kowa ya shiga. Ni dai yara apiranti nake jiye wa, su ake turawa ƙasa.